Satar babur a Tawa: yadda za ka tsare tsohon babur ɗinka, da abin yi idan an ɗauke shi

Tun ranar da aka dawo mini da babur ɗina, bayan kwana 19 yana hannun wasu, ban huta da tambaya ba. A fada, a wurin aiki, har a waya: "Malam, ya ka yi ka same shi?" Wasu kuma sai an yi musu satar suke kirana, murya na rawa, suna tambayar ta ina za su fara. Amsar da nake ba kowa ɗaya ce, kuma ba ta da daɗin ji: yawancin aikin gano babur ana yin sa ne tun yana tsaye a ƙofar gidanka. Wanda bai san lambar shasinsa ba, ko gaban babur ɗin aka kai shi, da ƙyar zai karɓe shi.

Kada kuma ka ce naka ya tsufa, ba mai so. Nawa Kasea ne da ya haura shekara 10, fentin tankinsa duk ya koɗe. An ɗauke shi a ƙofar masallaci da Magariba, raka'a uku kawai. Na fito na tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasa da sawun taya a cikin rairayi. Tsohon babur makullinsa ya cinye, mai shi ya saki jiki, kayansa kuma idan aka wargaza ba sa kwana a kasuwa.

Kuɗin da zan ambata abin da na biya ne da hannuna, farashi kuwa yana motsi. Ga waɗanda ba su saba da lissafinmu na Nijar ba, jika 1 sefa 1,000 ce, dala 1 kuma sefa 5.

1. Fara da lambobi biyu

Lambar shasi tana wuyan babur, wato bututun ƙarfen da kai yake juyawa a cikinsa, a bayan fitila. Karkata kan gefe ɗaya ka leƙa. Lambar inji galibi tana gefen hagu daga ƙasa, kusa da abin taka giya. A tsohon babur datti da mai sun rufe su, don haka ka jiƙa tsumma da ɗan fetur ka goge, sannan ka shafa alli a kai, rubutun zai fito fes.

Lambar shasi ta baburan zamani haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma babu harafin I ko O ko Q a ciki. Idan ka ga abu zagayayye, sifili ne. Wannan ƙaramin kuskure yana sa a rubuta wata lamba daban a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, a yi ta neman babur ɗin da babu shi.

Kwatanta abin da ka gani da abin da ke cikin kart giriz, wato takardar rajistar babur, harafi bayan harafi. Rubuta a littafi a gida, ka ɗauki hoto, ka aika wa ɗan'uwanka ta WhatsApp don kada wayarka ta ɓace da su. Ɗauki hoton babur ɗin ta gaba da baya da gefe biyu, da lambar plak, da duk wani tabo ko walda.

Gargaɗi: idan ka taɓa canza inji, nemi rasit ɗinsa yau. In ba haka ba, ranar da aka gano babur ɗin kai ma za a tambaye ka inda ka samo injin.

2. Raba takardu da babur

Kart giriz, takardar duwan, rasit ɗin shago ko takardar sayarwa: ko ɗaya kada ta kwana ƙarƙashin kujerar babur. Mutane da yawa can suke cusa su cikin leda, sai ɓarawo ya tafi da kaya da hujja gaba ɗaya, ya sayar hankali kwance. Waɗanda 'yan sanda ke tambaya a hanya su zauna a aljihunka, sauran a gida, kowace da fotokopi.

Idan na hannu ka saya kuma har yanzu sunan tsohon mai shi ne a takarda, je a mayar da sunanka. Kafin ka samu hali, aƙalla ku yi takardar sayarwa mai ɗauke da lambobin nan biyu, da sa hannunsa da na shaidu, a buga mata hatimi a ma'aikatar magajin gari ko a komisariya.

3. Yi alamar da kai kaɗai ka sani

Ɓarawo yana cire plak cikin minti ɗaya, ya canza tanki da kujera, wani lokaci ya gurje lambar shasi. Abin da ba ya yi shi ne bincika kowane lungu.

Rubuta sunanka da lambar wayarka a 'yar takarda, naɗe ta cikin leda, cire robar hannun hagu, tura takardar cikin bututun, mayar da robar. Sannan ka sa mai walda ya ɗiga maki biyu ko uku a jikin shasi ƙarƙashin kujera, ko a buga harafin farko na sunanka da ƙusa a cikin murfin sarƙa. Ɗauki hoton alamar. Ban da ɗan abin shayin mai walda, ba ka kashe komai ba, kuma wannan takarda ce ta raba gardama ranar da na karɓi nawa.

4. Gwada makullinka

Karɓi makullin abokinka mai irin babur ɗinka ka gwada. Idan ya juya, ko kuma naka yana fita alhali inji na aiki, to ba ka da makulli. Canza kontak ɗin, wato wurin zura makulli, gaba ɗaya. Na biya jika 4 har da kuɗin aiki.

Kulle kai yana da amfani, ka riƙa yi ko ruwa za ka shiga saye. Amma ɗan ƙarfen da ke riƙe da kan siriri ne, ƙarfin mutum ɗaya yana karya shi. Ranar da aka ɗauke nawa, kan a kulle yake.

Makulli na biyu ya zauna a gida. A wurin wanki ko gareji, ba da na babur kaɗai, kada ka miƙa tarin makullanka da na kwaɗo a ciki.

5. Sarƙa da kwaɗo

A nan ne ya kamata kuɗinka ya fi tafiya. Na kai wa wani tsoho mai walda kwaɗon da na fara saye, ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Ɗana, wanga kwaɗo na akwatin amarya ne." Ya ɗora shi a kan ƙarfe, guduma ɗaya, ya buɗe.

Nemi sarƙa mai kaurin ƙarfe kamar ɗan yatsanka, milimita 10 ko fiye, tsawon mita ɗaya da rabi. Wayar nan mai rufin roba da ake ɗaure keke da ita, almakashin ƙarfe yana datse ta kamar igiya. Kwaɗo kuma ka zaɓi mai nauyi, wanda jikinsa ya rufe mafi yawan hancinsa, yadda bakin almakashi ba zai samu wurin kamawa ba. Sarƙa da kwaɗo sun ci mini jika 9. Zura sarƙar cikin tsohon tiyub na keke don kada ta kankare fenti ko ta dame ka da ƙara.

Yadda ake ɗaurewa ya fi sarƙar kanta muhimmanci. Ta ratsa ƙafar baya da jikin shasi, ba ƙafar gaba ba, domin ta gaba goro ɗaya ake kwancewa a bar maka ita a wurin. Ta zagaye wani abu kafaffe: turken ƙarfe, ginshiƙin rumfa mai siminti, gindin bedi. Babur ɗin da aka ɗaure ƙafarsa kawai, mutum biyu suna ɗaga shi su jefa a bayan adaidaita ko amalanke. Idan babu abin kafewa, haɗa shi da babur ɗin abokin tafiyarka. Kuma ka ja sarƙar ta ɗame, kwaɗon yana lilo a sama. Da zarar ya kwanta a ƙasa ka ba ɓarawo maƙera, sai dai ya kawo guduma.

Akwai ƙaramin kwaɗon da ake maƙalawa a faifan birki. Yana da kyau a matsayin na biyu, amma yawancin tsofaffin baburanmu birkin takalmi gare su, ba faifai, don haka duba naka kafin ka saya.

Gargaɗi: duk wanda ya fara amfani da sarƙa, wata rana zai tashi babur ya manta da ita. Wayoyin ƙafa suna tsinkewa, mutum yana faɗuwa. Ɗaura ɗan jan ƙyalle a makullin kwaɗon, duk lokacin da ka ɗaure ka rataya ƙyallen a hannun totur.

6. Maɓallin ɓoye da famfon mai

A irin waɗannan babura, abin da makulli yake yi shi ne kashe wutar buji kawai. Wanda ya san wayoyi yana kauce masa ya buga kik. Maganinsa shi ne maɓalli na biyu wanda mai gyaran wuta zai haɗa kusa da akwatin CDI mai ba buji wuta, ya ɓoye shi inda hannunka ke kaiwa ba tare da ka sunkuya ba. Idan sai ka durƙusa kake taɓa shi, cikin mako ɗaya duk unguwa ta san wurin. Kai aikin wurin makaniken da ka daɗe da sani, a lokacin da gareji ba cunkoso. Ka tsaya a naɗe mahaɗar wayoyin da kyau, in ba haka ba damina na zuwa babur zai riƙa mutuwa a hanya. Jika 2 na biya.

Na fi son famfon mai na ɓoye, ƙarami, a kan tiyon da ke tsakanin tanki da kafireto. Idan ka rufe shi babur zai tashi lafiya, ya yi 'yar tafiya da man da ya rage a kafireto, sannan ya mutu a tsakiyar titi. Ɓarawon da babur ya mace masa kusa da inda ya yi sata ba ya tsayawa gyara. Sa a ɗaure bakin tiyon da kyau, mai da ke ɗiga a kan inji mai zafi gobara ce.

7. Ƙararrawa da na'urar bibiya

Ƙararrawa tana taimakawa a gida da dare, a kasuwa kuwa ba mai waiwayawa. Na'urar bibiya ta GPS, mai aiki da layin waya, tana nuna maka inda babur yake a wayarka. Wadda na saya ta ci jika 25. Abu biyu ke kashe ta: batir da kuɗin layi. Tsohon babur da kik kawai yake tashi, batir ɗinsa ya mutu tun bara, ba zai riƙe ta ba sai ka sa sabo. Layin kuma idan ya ƙare ba ka sani ba, ranar buƙata shiru za ka ji. Gwada ta kowace Juma'a. A daji inda babu rezo ba ta magana, sai dai ta nuna maka wurin ƙarshe da ta gani, wanda shi ma babban abu ne.

Idan kuɗinka bai kai duka ba, sarƙa tukuna.

8. Inda kake ajiyewa

Ɓarawo yana bin lokacin da hankalin mutane ya koma wuri ɗaya: sallar Asuba da Magariba, Juma'a, tarawihi, ɗaurin aure, zaman makoki, ƙofar asibiti, filin kokawa, da cunkoson kasuwar Lahadi. A irin waɗannan wurare ba mai gadi dala 20 ɗinsa ka karɓi tikiti, tikitin kuma ya shiga aljihu. Duk da mai gadi, kulle. A masallacin unguwarmu yanzu matasa biyu ke tsayawa bakin babura lokacin tarawihi, su yi tasu daga baya, kuma da shawarar liman aka tsara haka.

A gida, zaure ba wurin kwanan babur ba ne idan ƙofarsa ta langa-langa ce. Shigar da shi tsakar gida ko ɗaki. Sa mai walda ya lanƙwasa rodi mai kauri kamar zobe, a haƙa rami a binne ƙafafunsa da siminti a jikin bango, ka riƙa ɗaure sarƙarka a nan. Rodi da siminti da aiki jika 5. Lokacin zafi da ake kwana a waje ana ɗauke wuta, mutum yana ganin ai ga shi kusa da babur, alhali barcin gajiya ya fi kwaɗo nauyi. Rufe shi da tsohon tamfol, mai leƙe ta katanga kada ya san irin wanda ke ciki.

Ga 'yan kabu-kabu: fasinjan dare da ya ce a kai shi bayan gari, ya yi tayin kuɗi fiye da ƙima ba ciniki, ka bar shi. Idan kuma an tare ka da makami, sauka ka ba su. Na san gidan da aka rasa uba saboda ya riƙe kan babur.

9. An ɗauke: sa'ar farko

Ka ce Innalillahi, ka nutsu, ka duba agogo ka riƙe lokacin. Cikin minti biyar tabbatar sata ce: kira ƙanenka ko ɗanka mai ɗaukar babur ba sallama, tambayi mai gadi ko ya gusar da shi, tambayi masu shaguna ko 'yan sanda sun kwashi babura zuwa furiyar, inda suke ajiye ababen hawan da suka kama.

Idan sata ce, kira 17, lambar 'yan sanda. Faɗi iri, launi, lambar plak, wuri da lokaci. Sannan tambayi na kusa tun ba su watse ba: mai shayi, mai faci, mai sayar da mai a kwalba, yaran da ke wasa. Su ne suke ganin wanda ya tura babur da inda ya nufa. Duba ko akwai kyamara a gidan mai, kantin magani ko shagon da ke kallon wurin, ka roƙi a adana hoton ranar, domin yawancinsu bayan 'yan kwanaki sabon hoto yana shafe tsoho.

Gaggawar tana da dalili. Daga Tawa zuwa Ƙonni bai kai kilomita 150 ba, ta Badagishiri da Tsarnawa, daga Ƙonni kuma Illela ta Najeriya 'yan kilomitoci ne. Ta arewa ga hanyar Abalak da Agadas, ga hanyoyin daji ba iyaka. Babur ɗin da aka ɗauka da Magariba yana iya kwana a wata ƙasa.

10. Kai ƙara a ranar

A cikin gari komisariya, a ƙauye ko kan hanya birgad ta jandarma. Tafi da katin ɗan ƙasa, takardun babur na asali da kopi, da hotuna. Ka ce ƙara za ka shigar a kan wanda ba a sani ba. Kafin ka sa hannu, karanta lambobin da aka rubuta, ko ka sa a karanta maka kana bi da yatsa a kan kart giriz. Nemi takardar shaidar cewa ka sanar, ka riƙe sunan jami'in da ke da fayil ɗinka. Duk kuɗin da aka ce na takarda ne, nemi rasit.

Wasu suna cewa tsohon babur bai kai wahalar zuwa komisariya ba. Ban yarda ba ko kaɗan. A 2017 aka sa Tillia da Tassara, a arewacin jihar Tawa, cikin dokar ta-ɓaci, kuma maharan da suka kashe mutane fiye da 130 a ƙauyukan Tillia a watan Maris na 2021 a kan babura suka zo. Idan aka tsinci naka a wurin fashi ko wani mugun aiki, sunanka ne a takarda. Shaidar nan mai kwanan wata ita ce za ta tsaya maka.

Gargaɗi: ko kana zargin wani, faɗa wa jami'in a asirce. Kada ka kira sunan mutum a fada ko a Facebook ba hujja, ƙarar tana iya juyowa kanka.

11. Baza labari inda ya dace

Haɗa saƙo ɗaya gajere: hoto, iri, launi, plak, alƙaluma 4 na ƙarshe na lambar shasi, wuri da rana, lambar wayarka. Kada ka ambaci alamar ɓoye. Tura wa shugabannin 'yan kabu-kabu, makanikai, masu sayar da kayan babur na hannu, dillalai, 'yan tasha da mai unguwa. Ka sa 'yan'uwa su tura Ƙonni, Madawa, Keita, Abalak, har Yamai. Sanarwa a gidan rediyo tana kaiwa ƙauyukan da WhatsApp bai kai ba. Makanikai ka je musu da ƙafarka, ka gaishe su, ka nuna hoton. Babur ɗin sata ko ba daɗe ko ba jima sai ya shiga gareji, kuma makanike yana gane walda kamar yadda makiyayi ke gane shanunsa.

Gargaɗi: da lambarka ta bazu za a kira ka a ce an ga babur, turo kuɗin mai a kawo maka. Ni sau biyu aka kira. Ka ce a turo hoto, ko a karanta maka farkon lambar shasi wadda ba ka wallafa ba. Nan take layin ke mutuwa. Wanda kuma ya ce ya san yaran, kawo rabin kuɗin babur a fanso shi, kai maganarsa wurin jami'in da ke da fayil ɗinka. Kuɗin fansa shi ke sayen man da za a je satar gobe.

12. Idan ka gan shi

Kada ka yi ihun ɓarawo. Taron jama'a ba ya tambaya kafin ya ɗaga dutse, kuma sau da yawa wanda ke kan babur ɗin saye ya yi. Kada ka kama kan babur, kada ka bi shi cikin daji kai kaɗai, ko da GPS ta nuna maka ƙofar gidan. Ɗauki hoto daga nesa, lura da inda ya tsaya, kira jami'in.

Nawa wani makanike ne a wani gari kan hanyar Ƙonni ya gane shi, ta waldar da ke jikin matakin ƙafar baya. Ya ce wa mai shi kayan gyara sai gobe, ya kira ni da dare: "Malam, ina jin ga dokinka nan, taho da takardu." Da safe na biya ta wurin jandarma muka je tare. An canza tanki, babu plak, an gurje rabin lambar shasi. Mutumin yana ta rantsuwa da kuɗinsa ya saya, kuma na yarda da shi. Lambar inji ta dace. Sai na ce a cire robar hannun hagu. Jandarma ya zaro ledar da tsinke, ya warware, ya karanta sunana da ƙarfi. Mutumin ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya saya da araha ba takarda ko ɗaya, kuɗinsa sun tafi, kuma sai da ya yi bayani a birgad, domin karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa. Har yau ina jin tausayinsa. Duk mai shirin sayen babur na hannu, ya duba lambobin nan biyu da takarda kafin ya taya, kuma idan wurin lambar ya yi santsi ko an yi masa sabon fenti shi kaɗai, ya juya.

13. Karɓowa da abin da ke biyo baya

Ba lalle a miƙa maka shi a ranar ba. Idan an kama wani, babur ɗin shaida ne, yana iya zama har sai mai gabatar da ƙara ya ba da izini. Yi haƙuri, ka riƙa leƙawa da takardunka. Ranar karɓa duba shi a gaban jami'in, a rubuta abin da ya ɓace a jikinsa, ka sa hannu a takardar mayarwa ka riƙe kopi.

Koma inda ka fara kai ƙara ka sanar an samu, ka kuma tura saƙo ga duk waɗanda ka tura wa cigiya, in ba haka ba wata rana kai za a tare a shinge da babur ɗinka. Idan an gurje lambar shasi ko plak ta ɓace, tafi da takardar jandarma ofishin sufuri na jiha a daidaita takardun. Kada ka sa mai walda ya sake buga lambar da kansa.

Daga nan sai gareji, kuma a tura shi ko a ɗora a mota idan da nisa, domin ba ka san irin tuƙin da ya sha ba. A juye baƙin mai, a duba birki, sarƙar ƙafa da gororin tayoyi, a bi wayoyin da aka yanke ɗaya bayan ɗaya. Canza kontak da kwaɗo duka. Alamar da aka buɗe a gaban jama'a ta daina zama sirri, don haka sake rubuta wata takardar ka nema mata wani lungun. Makaniken da ya kira ka kuma, ka koma har garejinsa da goronsa a hannu.